Gurbin Tungar Marke a Jadawali

Asma'u, da ke zan fara, don ke ce kika faɗa da baki, ƙannenki a ciki suka bar nasu. Ranar da aka tashi daga zaman makokin Inna, kina tattara tabarmi a tsakar gida, kika ce da ni ba tare da kin ɗago kai ba: a kan layi guda na takarda na bari uwata ta rasu ba na gida. Na sa takalmina na fita. Shekaru sun ja tun daga nan, kin yi aure kin haifi naki, ni kuma na ajiye aiki, gwiwa ta fara ba ni umarni. Gara in rubuta muku yadda abin ya kasance tun ina iya riƙe biro, kowa ya karanta ya yanke hukuncinsa.

A lokacin ina aiki a wani ofishin tallafa wa manoma a nan Kaura Namoda. Malaman gona su ke shiga ƙauyuka bayan kaka, su tambayi abin da aka shuka da abin da aka girbe, su kawo mini takardu duk sun sha zufa da man gyaɗa. Ni in zuba lambobin a kwamfuta, manhajar lissafi ta tace su, ta fito da jadawali: kowane ƙauye da layinsa, kowane amfanin gona da gurbinsa. Rabin aikina lissafi ne, rabin kuma gyaran fuska. Manhajar nan in ka bar ta da halinta, sai ta fito maka da jadawali kamar kayan da aka zube daga buhu, haruffa ƙanana, kanun sun hau kan juna, lamba da jela mai tsawo bayan ɗigo. Sai ka rubuta mata umarni ɗaya bayan ɗaya: ga faɗin da kowane gurbi zai yi, ga salon haruffan da za a sa, kanu su yi kauri, lambobi su jeru ta dama, jela ta tsaya a nan. Ina son wannan aiki fiye da yadda ya kamata babban mutum ya so shi. Mahaifiyarku Balki takan ce da na kula da ɗakina yadda nake kula da jadawali, da ba ta tsufa da wuri ba.

A shekarar da nake ba ku labari Inna tana tare da mu. Kun san garinmu na asali Tungar Marke ne, can bayan Birnin Tsaba a ƙasar Zurmi, kuma kun san yadda aka tashi: 'yan bindiga suka matsa, aka hana noma, aka kwashe shanu, wata rana da rana tsaka gari ya watse. Ƙanena Sani ya kawo ta a bayan babur, ba ta ɗauko komai ba sai zanen jikinta da 'yan zangarniyoyin gero da ta zare daga ɗaurin iri a bakin rumbu. Kabarin mahaifina yana can, rijiyar da ya haƙa tana can. Da damina ta faɗi sai ta sa aka kwashe mata tarkacen da ke bayan ɗakin girki, ta shuka geron nan a ɗan wurin da bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba, wai don kada irin ya tsufa a hannunta. Ni ɗanta na fari ne, saboda haka ba ta taɓa kiran sunana ba. Kowa Lawali yake ce mini, ita kuwa Na-Kaura, tun ranar da aka kawo ni makaranta a garin nan ina yaro.

Wata ranar Asabar bayan la'asar na zo gida da gwajin jadawalin shekarar, don in duba shi a natse. Ina zaune a gindin darbejiya ina bi da jan biro, Inna tana gefe tana tsince tsakuwa a faifai. Ta daɗe tana satar kallon takardar, sannan ta miƙo wuya.

"Na-Kaura, wagga takarda mi ta ƙunsa? Ga ta an ja mata kunyoyi awa gonar hatsi."

Na ce sunayen garuruwa ne da abin da kowa ya noma bana.

"To karanto in jiya."

Na fara karantowa, ina juya mata Turancin zuwa Hausa. Ban taɓa jin daɗin jadawali kamar ranar ba. Kowane suna na kira sai ta tare shi da labari. Wannan garin rijiyarsu zartsi gare ta. Wancan can aka kai ƙawarta aure, mijin marowaci, ko ƙanzo sai ya ƙirga. Waɗancan ba su iya ɗaurin dami ba, kafin a kai gida rabi ya zube a hanya. Balki ta bar tukunya ta zo tana dariya, ke ma kina nan a bakin ƙofa da littafin makaranta a hannu, ko kin manta. Na kai ƙarshen shafi na ajiye takardar. Inna ta jira, hannunta a cikin faifai bai motsa ba.

"Ina namu? Ko tsallakewa kay yi?"

Ban tsallake ba. Haka manhajar take: duk garin da ba a kawo lambarsa ba, ba ta buga layinsa, sai ta haɗe na sama da na ƙasa kamar ba a taɓa yin wani abu a tsakani ba. Malamin gona bai shiga Tungar Marke ba a shekarar, don babu wanda zai tarar. Na san wannan hali na manhajar tun da daɗewa, kowa a aikinmu ya sani, kuma jadawali ya fi kyau a ido in babu gurbi fayau. Amma sanin abu a ofis daban, faɗa wa uwarka shi a tsakar gida daban. Na yi mata bayani iya yadda zan iya.

"Injin wa yag gaya mai mun tashi?" ta ce. "Mu da munka bar rumbunanmu tsaye?"

Ta ci gaba da tsince tsakuwarta. Ni kuwa abin ya tsaya mini, don na san abin da ita ba ta sani ba. Jadawalin bana shi ne hanyar baɗi. Da shi ake tsara inda malaman gona za su bi, da shi ake rubuta garuruwan da za a kai wa iri da taki. Garin da ya faɗi daga jadawali shekara guda, shekara ta biyu ba mai tambayarsa, ta uku sabon ma'aikaci ya zo bai ma taɓa jin sunan ba. In mutanensa suka dawo, sai sun fara kawo shaidar cewa akwai su. Kuma ba namu ne kaɗai ba. Da na koma na duba tsohon jerin, sai na ga garuruwa da dama sun zube haka, daga wajen Zurmi, daga wajen Kurya Madaro, shiru, ba wanda ya yanke shawarar a cire su.

Ranar Litinin na rubuta wa manhajar umarni ta buga kowane gari, ko da lamba ko babu. Ta bi umarnin, amma ta cika guraben da sifili. Na bugo shafin da manyan haruffa saboda idon Inna, na kawo mata da yamma ina jin kaina kamar wanda ya ciwo kyauta, na ɗora yatsanta a kan sunan garin. Ba ta yi boko ba, amma ta daɗe tana kallon siffar sunan har ta riƙe ta. Sai yatsan ya zarce gaba.

"Wanga ɗan ƙwan hwa, mi yaka nuhi?"

Na ce sifili ne, yana nufin ba a samu komai ba.

"Ba a samu ba, ko ba a shuka ba? Tun da anka kahwa garinmu ba mu taɓa zuba iri ƙasa munka tashi hannu wohi ba. Hana mu anka yi. Kak ka yi ma ubanka ƙarya yana kwance."

Na koma na cire sifilin, na bar guraben fayau, na sa ɗan bayani a ƙasan jadawali cewa waɗannan garuruwa ba a samu shiga gonakinsu ba bana. Sannan na yi abin da aka koya mana: layin da ya bambanta da saura akan karkata haruffansa don mai karatu ya lura. Na karkata sunayen garuruwan da suka tashi, suka yi kyau ƙwarai a idona. Na sake kawo mata. Ta nemo sunan da kanta wannan karon, ta kai takardar kusa da ido, ta nisanta ta, ta ɗan juya ta gefe.

"Don mi namu ya kishingiɗa, na kowa tsaye? Ciwo garai?"

Balki ta fashe da dariya har da riƙe ciki. Na ce Inna, alama ce kawai ta masu aikin.

"Alamar mi? Tashe shi tsaye awa 'yan uwanai. In mutum ya gaji shi ka kishingiɗa, mu ba mu ce mun gaji ba."

Na tashe shi. Shekaru ina gardama da manyan ma'aikata a kan salon haruffa ban taɓa sakin ra'ayina da sauri haka ba. Sai wata matsalar ta taso: da garuruwan suka dawo, jadawalin ya ƙi shiga shafi guda, alhali daga sama an ce shafi guda ake so, kada ya wuce. Na kwantar da takardar ta faɗi, na zaɓi haruffa masu siririn jiki, na rage tazarar da ke tsakanin layuka, na gajarta kanu, na datse jelar lambobi. Na yi ta matsa su kamar fasinjojin motar kasuwa har kowa ya samu wurin zama. Da ya fito daga firinta na tsaya ina kallonsa. Garuruwan da aka cire ba sa ganuwa, amma gurbi fayau yana ganuwa daga nesa. Shafin ya yi fari-fari a wurare da yawa, duk wanda ya ɗauka sai ya tambayi dalili.

Shugaban ofishinmu a lokacin Alhaji Sambo ne. Kun san shi, ya sha cin tuwo a gidan nan, shi ya yi wa Asma'u alkawarin keke bai cika ba. Ba mugun mutum ba ne, kuma ban yarda wani cikinku ya riƙe shi a zuci ba. Ya ɗauki shafin ya duba, ya cire tabarau, ya rufe ƙofa.

"Malam Lawali, mi kaka son ja muna? Bara mun kai rahoto sumul, an yaba. Bana in kai wanga, su ce ko dai bara munka ɓoye, ko bana malamanmu ba su hita aiki ba. Wace amsa za ni ba su?"

Na ce ya ba su amsar da ke ƙasan shafin, ita ce gaskiya.

"Gaskiya ta, na sani. Amma wanda yak kai ta shi aka tuhuma. Maida shi yadda injin ka hiddo shi, ba mu yi ƙarya ba, ba mu taɓa lamba ko guda ba. In ka ƙiya, ni ba ni iya tare maka abin da ka biyo baya."

Ya ba ni zuwa washegari. Da na dawo gida na tarar da Inna a bayan ɗakin girki tana kore kaji daga 'yan geronta da ta shanya, na tsuguna kusa da ita na faɗa mata komai. Wannan ita ce maganar da ba ku ji ba, don daga ni sai ita a wurin. Na ce in na bar sunan, mai yiwuwa a ɗauke ni daga Kaura, kuma ga jikinta ba ƙarfi, ga hanyoyi yadda suka zama. Na ce ina iya cire shi bana, in mayar baɗi in ƙura ta lafa. Allah ya sani so nake ta ce in cire.

"Ina za su kai ka?"

Na ce wataƙila Shinkafi, can ake tura wanda aka gaji da shi.

"Shinkahi ba gari na ba? Ni da tsuhwana anka tashe ni daga ɗakina, ko ludayi ban ɗauko ba. Kai da takarda za a tashe ka, ka shiga mota da akwatinka." Ta jefi wata kaza da tsakuwa. "Ka share mu, ka zamna gabana kullum ina kallon wanda yas share mu? A'a, Na-Kaura. Bar shi inda yake."

Na bar shi. Na gaya wa Alhaji Sambo a fili cewa in dai da sunana a ƙasan rahoton to haka zai tafi, in kuwa yana son wani tsarin ya nemi wani ya sa hannu. Babu wani a ofishin da ya iya manhajar, mota kuma tana jira. Ya sa hannu yana girgiza kai. Abin da ya faru a taron Gusau, inda aka kai rahoton, ban gani da idona ba, an dai ce an ɗaga shafin an yi tambayoyi masu zafi, Alhaji ya sha kunya a gaban tsararrakinsa. Kafin damina ta zagayo takardata ta fito: an ga ofishin Shinkafi yana buƙatar gogaggen ma'aikaci. Kafin in tafi na yi abu guda. Umarnin nan da na rubuta wa manhajar na adana shi a cikin fayil ɗin da ake buga jadawalin kowace shekara, na nuna wa Malama Hadiza, wadda aka kawo ta gaje ni, na ce ga abin da yake yi, ga dalilinsa, in ta ga dama ta goge. Ta karanta ta ce ita ba ta ga abin gogewa ba.

Zaman Shinkafi bai yi mini daɗi ba, ba don mutanen ba, sun karɓe ni hannu biyu. Ɗaki guda na kama a bayan kasuwa, ina zuwa gida ƙarshen mako in hanya ta yi kyau, in ba ta yi ba sai waya. Inna ba ta son waya, takan riƙe ta nesa da kunne ta yi ta ɗaga murya kamar mai kiran wani a gona. Duk zuwan da na yi sai na ga ta ƙara ƙanƙancewa. Takan tambaye ni ko ana ba ni abinci mai kyau, ko fura tasu ta kai tamu, ba ta taɓa cewa in dawo ba. Shafin nan mai manyan haruffa kuwa ta sa Balki ta liƙa mata shi a bango kusa da gadonta, duk baƙuwar da ta shigo sai an nuna mata sunan, ko ta iya karatu ko ba ta iya ba.

Ranar da jikin Inna ya tashi, da hantsi Balki ta kira ni. Na fita tasha na tarar motoci a jere, direbobi a zaune, an tare hanya tun safe ba mai shiga ba mai fita. Na nemi mai babur ya bi da ni ta daji, duk wanda na tambaya sai ya ce in yi haƙuri, shi ma yana da iyali. Ina zaune a kan bencin tasha aka sake kira aka ce ta cika. Ina nan zaune aka yi mata wanka, aka yi mata salla, aka kai ta. Sani ne ya shiga kabarin ya karɓe ta, aikin da nawa ne. Sai washegari na iso na tarar da ƙasa sabuwa. Balki ta ce da Inna ta ga ana ta kirana, cewa ta yi a bar Na-Kaura, kada a tayar masa da hankali ya biyo hanya ba kyau. Wannan ciwon bai warke ba, Asma'u, kuma ba na sa ran zai warke. Abin da kika faɗa a kan tabarmin nan ba ƙarya ba ne. Ba duka ba ne kawai.

Mahaifiyarku ce ta ci gaba da shuka geron bayan ɗakin girki, kowace damina, tana mita tana yi, ta ce tsohuwa ta bar mata kishiyar aiki. Kowace kaka ta ɗaure zangarniyoyin ta rataye a ɗakin Inna. Malama Hadiza kuma kowace shekara ta buga jadawali, Tungar Marke ta fito a layinta, a tsaye, gurabenta fayau. Shugabanni suka sauya, aka saba da ganin fararen guraben har aka daina tambaya. Wasu garuruwan har yau haka suke.

Ba layin ne ya mayar da mutane gida ba, kada wani ya ce na faɗi haka. Gajiya da zaman gudun hijira ce ta mayar da su, da ɗan sauƙin da aka samu a wajen. Sani ya zo wata bazara ya ce shi da wasu gidaje kaɗan za su gwada, su kwana Birnin Tsaba su riƙa shiga da rana. Balki ta shiga ɗakin Inna ta sauko da irin ta ba shi. Da kaka ta yi, wani sabon malamin gona da bai taɓa jin labarinmu ba ya ɗauki jadawali yana bin garuruwa layi-layi, ya kai kan Tungar Marke, ya tambayi hanya, ya je. Ba wanda ya ce su kawo shaidar akwai su. Ina gida a lokacin na riga na ajiye aiki, sai ga kiran Malama Hadiza.

"Malam, ka samu wuri ka zamna. Gurbinka ya cika."

Na je ofishin da sandata. Ta juyo mini fuskar kwamfutar, na sa tabarau na nemo layin. Lambar ƙarama ce, a da gida guda yakan noma fiye da haka. Ta jeru ta dama daidai da na sauran garuruwa, da haruffa iri ɗaya, ba abin da ya bambanta ta. Na ce ta bugo mini da manyan haruffa. Ta tambaye ni ko idona ne ya ƙara rauni, na ce eh, don ban san yadda zan gaya mata wadda nake bugo wa ba.

Da kika zo da Sallar da ta wuce, mahaifiyarki ta dama miki fura, kika sha kika ajiye ludayin, kika ce rabonki da jin wannan ɗanɗanon tun Inna tana raye. Kika tambaya a ina aka sayo geron. Na tashi na ce zan je masallaci. Ba saye aka yi ba. Sani ne ya aiko da shi daga Tungar Marke, daga gonar kakanki, irin da Inna ta ɗauko ranar da aka tashe su.